F-150 ɗina zai iya ɗaukar ɗakin kwana na bayan mota?

Baban Hanif:
Salam 'yan'uwa. Ina nan jihar Ohayo a Amurka, ina da Ford F-150, na ga irin ɗakin nan da ake zurawa a bayan a-kori-kura, da gado da kicin a ciki, mai shi ya ce nauyinsa fam 1,500 ne, ni kuma takardar jikin ƙofar direba ta ce nauyin da motar za ta iya ɗauka fam 1,750 ne. Zai ɗauka kuwa? Ni da madam da yara biyu ne.

Direban Tirela:
Wa alaikumussalam. Alhaji gaskiya ba zai yi ba. 1,750 ɗin nan har da ku mutanen ciki ake lissafawa, kuma 1,500 da ya faɗa maka nauyinsa ne babu ruwa babu gas babu batir, galan 30 na ruwa kaɗai ya kai fam 250, to ina kai da iyali da abinci da tukwane?

Maman Sadiq:
Yaya don Allah kar ka yarda da masu cewa ka sa balan-balan na iska a sifirin baya. Zai ɗaga motar ta daina zama, amma birki da taya da gindin motar suna nan yadda kamfani ya yi su, ga yara a ciki.

Direban Tirela:
Haka ne Hajiya. Ka cika tanki, ka ɗebi iyali ku je sikelin CAT inda tireloli ke shan mai, a auna maka gaba daban baya daban, sai ka haɗa su ka cire daga GVWR, wato iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta da kamfani ya yarda da shi, abin da ya rage shi ne za ka iya ƙarawa. In kana son ɗakin nan dai F-250 ko F-350 za ka nema, shi ma duba takardar ƙofarsa kafin ka biya.