Neman kalma: me za mu kira "milestones" na yara?

Mai Shirin Iyali: Assalamu alaikum malamai. Gobe da hantsi zan ɗauki shiri a rediyo kan yara 'yan shekara 3 zuwa 11, takardar da likita ta turo min kuma duk "developmental milestones" ce. Wato abin da akasarin yara ke iya yi in sun kai wasu shekaru: ɗan shekara 3 ya haɗa jimla, ɗan 4 ya yi tsalle da ƙafa ɗaya irin na langa, ɗan 6 ya fara famfara. A taimaka, lokaci ya ƙure.

Uwar Biyu: Matakan girma mana.

Malamar Nazare: Girma kaɗai bai ɗauke shi ba, Hajiya. Girma tsawo ne da nauyi, ɗan firamare kan ƙaru da kamar santimita 5 zuwa 6 da kilo 2 zuwa 3 a shekara. Ga yaro nan zanƙalele amma bai iya riƙe fensir ba. Da ma haka aka riƙa kuskure a da, a ce yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne, wai ya isa shiga aji ɗaya. Dole wayo ya shigo ciki.

Tsohon Hedimasta: Zangon girma. Asalin kalmar tasu dutsen mil ne na bakin hanya, mu kuwa fatake da zango suke lissafin tafiya.

Malamar Nazare: Baba, iyaye za su ɗauka zangon karatu ake nufi, su fara tambayar kuɗin makaranta.

Ɗan Nahawu: Duk kame-kame kuke. Ga ƙa'ida a fili: ma- da aikatau da -a suna ba da wuri, kamar makaranta da majema. Daga cimma sai macimma, inda yaro ya cimma. Kalma ɗaya tilo.

Uwar Biyu: Macimma? Kamar sunan gidan abinci.

Ɗan Nahawu: Kowace sabuwar kalma da dariya ake tarbarta. Mun fi son aron na Bature ne kawai, har wata na kiran kanta malamar "nazare".

Ɗan Maraɗi: To ga shi. Ku zauna a Kano ku yanke, ku ce Hausa ke nan. Mu lakwal muke ce wa makaranta, kuma rediyon nan har nan ake ji.

Tsohon Hedimasta: Lakwal ɗin kakanka ne ya raɗa ta? Ta Faransa ce.

Almajirin Zaure: Malamai sun riga ku. Tamyizi, shekara 7, lokacin da ake umartar yaro da salla.

Malamar Nazare: Gaskiya ne Malam, har ya yi daidai da binciken Jean Piaget, masanin tunanin yara. Ka juye ruwa daga faffaɗan kofi zuwa siriri dogo, ɗan shekara 4 zai rantse ruwan ya ƙaru, sai wajen shekara 7 yake gane ruwan nan dai shi ne. Amma tamyizi guda ɗaya ne daga cikin "milestones" ɗin. Damuwata daban ce: kar a zaɓi kalmar da za ta sa uwa ta ji ɗanta ya faɗi jarrabawa. Ko jerin da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta sabunta a 2022, kan abin da kashi 75 cikin 100 na yara ke iya yi aka gina shi. Alama ce ta a duba yaro, a kai shi asibiti in jinkirin ya yi yawa. Macimma kuwa na nuna akwai wanda ya kasa.

Mai Shirin Iyali: Na gode ƙwarai. Zan ce "alamomin girma da wayo" da farko, in ci gaba da "alamomin" kawai.

Ɗan Nahawu: Kalma huɗu a madadin ɗaya, bayani ne wannan. Ki yi na gobe da shi, amma ni a darasina macimma zan rubuta.

Ɗan Maraɗi: Ƙarfe nawa za a sa shirin?