Abin da malaman nazare suka ce game da wasa a aji

Mafi yawan malaman da suka tattauna sun tsaya a kan cewa yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 ba ya jure dogon zama a benci, don haka a gutsuttsura darasi, a sa wasa tsakani. Wata malama ta ce da carafke take koyar da ƙirga: yaro na cafe tsakuwa yana faɗin adadinta, yatsunsa kuma suna samun ƙwarin riƙe fensir daga baya. Wasu suka kawo langa don ƙarfin ƙafa da daidaita jiki, da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi don buɗe baki.

Inda aka daɗe shi ne batun iyaye. Da yawa in ba su ga littafi cike da rubutu ba, sai su ce an ci kuɗinsu a banza. Shawarar da ta fi karɓuwa ita ce a gayyace su su zauna a aji safiya ɗaya, su ga yadda wasan kasuwa da murafan kwalba ke koyar da tarawa da ɗebewa. A ganina wannan ta fi dogon bayani a taron iyaye. Abin ma ba sabo ba ne, tun 1907 Maria Montessori, masaniyar ilimin yara 'yar Italiya, ta buɗe ajinta na farko a birnin Rum, yara suna koyo da hannunsu.

Kan kayan wasa ba a ja ba: yashi, laka, kwali da karan dawa sun isa. Sai dai a kula da ƙananan abubuwan da yaro zai iya haɗiyewa.