Camaro, Mustang ko Challenger: wace ce ta fi iya kwana?

Kabiru: Assalamu alaikum jama'a. Zan faɗi magana ɗaya, wanda bai yarda ba ya kawo hujjarsa. A cikin motocin Amurka ukun nan masu injin V8, Ford Mustang da Chevrolet Camaro da Dodge Challenger, Camaro ce motar direba. Ina nufin ta ƙarshe, wadda ta fito a 2016. Mustang na biye da ita. Challenger kuwa ƙarfi ne zalla: a miƙaƙƙiyar hanya ba a kama ta, amma da an zo kwana sai nauyinta ya rinjaye ta.

Alhaji Tijjani: Wa alaikumus salam. Kabiru, ka shigo da ƙarfinka. To bari in tambaye ka, mene ne aikin irin waɗannan motoci tun asali? A ɗauki babban inji a sa a mota mai ƙofa biyu, a taka totur ta tashi. Haka Pontiac GTO ta fara a 1964, kuma har Challenger ta bar kasuwa ba ta sauka daga wannan layi ba. A 2015 Dodge ta fito da Challenger samfurin Hellcat, ƙarfin doki 707. A 2018 ta kawo Challenger samfurin Demon, doki 840 idan an ba ta man tsere, ta cinye kwata na mil, wato mita 402, a daƙiƙa 9.65. Wace Camaro ce ta fito daga kamfani ta yi wannan?

Kabiru: Ranka ya daɗe, ban musa ko ɗaya ba. Amma duk abin da ka lissafa a tsaye sitiyari yake. Ni maganar kwana nake yi.

Malam Habu Makanike: Ku bari in shigo, don ni ta ƙarƙashi nake kallon mota. Abu na farko nauyi ne. Hellcat tana kai wajen tan biyu, Camaro SS kuwa ba ta wuce kilo 1,700 da ɗan motsi ba. Bambancin ya kai buhun siminti shida, kuma a kowace kwana taya da birki ne za su yi dakon wannan kaya. Da ka taka birki da ƙarfi nauyin ya zubo gaba, da ka juya sitiyari ya kwanta gefe ɗaya, sai ka ji gaban motar yana son ya miƙe alhali kai kana son ya juya. Abu na biyu shi ne tushen da aka gina motar a kai. Challenger ta dawo a 2008 a kan ginin manyan motocin Chrysler 300 da Dodge Charger, wanda aka tsara zamanin da Chrysler ke haɗe da kamfanin Mercedes, kuma a kansa ta zauna har aka daina ƙera ta a ƙarshen 2023. Camaro ta 2016 kuwa ta ari ginin Cadillac ATS, wanda GM, uwar kamfanin Chevrolet da Cadillac, ta yi musamman don ta yi gogayya da ƙananan BMW. Mota ce da aka rage mata tsawo da nauyi da gangan. Don haka a wannan gaɓar ina tare da Kabiru.

Nasiru: Malam Habu, kun yi ta Camaro da Challenger kamar Mustang ba ta wurin. Ita ce fa ta buɗe wannan kasuwa a Afrilun 1964. Camaro sai a ƙarshen 1966 ta fito, kuma don ta tare Mustang aka yi ta. Yau ina Camaro? An rufe ta da samfurin 2024. Mustang kaɗai ta rage ba a taɓa yanke ƙera ta ba.

Zainab: Yaya Nasiru, daɗewa a kasuwa daban, iya hanya daban. Idan kwana ake magana akwai ma'auni da kowa ya yarda da shi, filin Nürburgring na Jamus, kusan kilomita 21 na hawa da gangara da kwanoni. A 2017 Camaro ZL1 1LE ta zagaye shi a minti 7 da daƙiƙa 16. Ƙarfin dokinta 650 ne, ƙasa da na Hellcat, amma a irin wannan fili ƙarfi ba ya amfani sai taya ta iya sauke shi a kwalta.

Nasiru: To ai Mustang GTD ta sauka ƙasa da minti 7 a wannan filin a 2024. Me za ki ce?

Zainab: Zan ce GTD ta haura dala 300,000, an mayar da akwatin giyarta baya, an cire kujerun baya, kuma kamfanin Multimatic na Kanada ne ke kammala haɗa ta. Motar tsere ce aka ba ta lambar hawa titi. Ba da ita mai sayen Camaro yake kwatantawa ba.

Malam Habu Makanike: Game da Mustang akwai abin da ya kamata matasa su sani, don har yanzu tsofaffin suna shigowa tokumbo. Duk wadda aka yi kafin 2015, in ka cire Cobra ta 1999 zuwa 2004, ka leƙa ƙarƙashinta za ka ga ƙarfe ɗaya dogo ya haɗa tayoyin baya biyu. Taya ɗaya ta faɗa rami, ɗayar ma ta ji. A miƙe wannan tsari yana da kyau, yana da ƙarfi, ga sauƙin gyara. Amma a tsakiyar kwana, in kwalta ta yi tudu kuma ƙafarka na kan totur, bayan motar yakan yi tsalle ya zame gefe. Daga 2015 ne Ford ta raba su, kowace taya da nata hannu. Camaro tun 2010 ta yi haka. To wanda ya ce Mustang ba ta iya kwana, a tambaye shi wace shekara yake nufi.

Usman: Ni ina zaune a Houston, kuma na tuƙa dukkansu uku, biyu na haya, ɗaya ta abokin aiki. Kabiru ya yi gaskiya a kan sitiyarin Camaro. Inda ka nuna mata nan take zuwa, ba ta jira, ba ta lilo. Amma akwai abin da takarda ba ta faɗa. Ka zauna a cikinta, bodi ya zo maka har kafaɗa, gilasan gefe sirara, rufi ya sauko. Na tsaya a danja a sahun gaba sai da na sunkuyar da kai kafin in ga fitilar. In za ka canza layi kuwa, ta kafaɗar dama ba ka ganin komai, sai madubi da addu'a. Direban da ba ya ganin gefen hanya ba ya sakin jiki ya shiga kwana da gudu, komai kyan ƙafafun motar. A Mustang ina ganin inda hancinta ya ƙare, shi ya sa na fi saurin sabawa da ita.

Alhaji Tijjani: Madalla Usman. Faɗa musu yadda Challenger take a doguwar tafiya.

Usman: A nan kam babu gardama, Alhaji. Daga Houston zuwa Dallas, wajen awa huɗu, na sauka ban ji bayana ba. Babban mutum yana zama a kujerar baya, but ɗin yana cin akwatuna. A Camaro kujerar baya ta jaka ce.

Alhaji Tijjani: To kun ji. Kuma masu saye sun yanke hukunci da aljihunsu: a 2021 Challenger ta fi Mustang ciniki a Amurka, Camaro kuwa tana can baya da nisa. Mota mai shekara goma sha uku a kan gini ɗaya ta doke sababbi. Mutum nawa ne cikin masu sayen nan za su taɓa kai motarsu filin tsere?

Kabiru: Ranka ya daɗe, ciniki ba ya auna kwana. Kuma wannan rabon aiki ba yau ya fara ba. A gasar Trans-Am, wadda ake yi a filaye masu kwanoni, Mark Donohue ya mamaye 1968 da 1969 da Camaro ta tawagar Penske. A 1970 Parnelli Jones ya ƙwace da Mustang Boss 302. A shekarar ce Challenger ta shiga da Sam Posey, ba ta ci tsere ko ɗaya ba.

Nasiru: Ni abin da ke hana ni barin Mustang injin ne. Coyote mai lita 5.0, a 2018 ya kai doki 460, yana juyawa har sau 7,500 a minti kafin ka nemi wata giya. Na Camaro SS lita 6.2 ne, doki 455, ƙarfinsa tun daga ƙasa yake zuwa amma wajen 6,500 ya gama magana. Ga kuma Mustang Shelby GT350 mai lita 5.2 da ke kai 8,250, da giyar hannu kawai aka yi ta. Wanda ya ji kukanta ba ya mantawa.

Malam Habu Makanike: Wannan ƙarfin na ƙasa da kake rainawa shi ne ke fitar da mota daga kwana, Nasiru. Ba sai ka sauke giya biyu ba, ka ɗan taɓa totur ta ja. Kuma injin Chevrolet ɗin kam, wato sandar da ke buɗe bawul, ɗaya gare shi a tsakiya, na Ford huɗu a sama, shi ya sa na Chevrolet ya fi ƙanƙanta a jiki duk da ya fi lita, ya kuma zauna ƙasa-ƙasa a cikin mota. Nauyi in ya yi ƙasa, mota ba ta yawan kwanciya gefe. A giyar otomatik kuwa ba ku da abin faɗa da juna, don mai hawa goma da ke cikin Mustang da Camaro na baya-bayan nan Ford da GM tare suka tsara ta.

Zainab: Alhaji, a yi wa Challenger adalci ta wani gefe. Da Dodge ta kawo Widebody, wato samfurin mai faffaɗan bodi, ta faɗaɗa taya daga milimita 275 zuwa 305, motar ta canza sosai. Wannan ma ya nuna matsalar farko: doki 707 a kan taya 275 ya yi mata yawa.

Alhaji Tijjani: 'Yata, na karɓi wannan. Amma a haɗa tsara da tsara. A kawo Challenger Scat Pack Widebody mai doki 485, a kawo Camaro SS 1LE, a kawo Mustang Mach 1, a sa su hanyar da mutane ke bi kullum mai faci da ramuka. Wadda aka ɗaure wa shokazoba tamau don filin tsere za ta girgiza mai ita har ya rage gudu da kansa.

Malam Habu Makanike: SS 1LE da Mach 1 duk suna da shokazoba mai maganaɗisu, Alhaji, wadda kwamfuta ke sassautawa ko ta ɗaure cikin ƙiftawar ido, don haka ba za su sha wahalar da kake zato ba. ZL1 1LE ce mai taurin gaske. Abin da na fi gani yana kashe waɗannan motoci a wurinmu taya ce. Mutum ya sayi Camaro SS, tayar baya ta cinye, ya ga kuɗin ta asali, sai ya sa ta hannu mai arha, wani lokaci ma gaba da baya girma ɗaya alhali ta baya ta fi faɗi. Ranar da aka yi ruwan farko ya taka totur a shataletale, bayan motar ya wuce gabanta. Kafin kowa ya gwada kwana da ɗayansu, ya duba lambar da ke jikin ƙofar direba, ya sa girman da aka rubuta, ya kuma duba shekarar da aka buga tayar.