Boeing 737-800 yana hawa ƙafa 5,000 a minti bayan tashi: ina matsalar take?

Sabon_Matuƙi:
Assalamu alaikum malamai. Ina tuƙa 737-800 na kamfanin PMDG a Microsoft Flight Simulator, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi, daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Da na ɗaga, sai jirgin ya riƙa hawa ƙafa 5,000 a minti, hancinsa ya kai digiri 20. In na sa V/S (tsarin riƙe saurin hawa) a ƙafa 2,000 a minti don ya lafa, sai gudu ya nufi not 250 (not ma'aunin gudun jirgi ne) alhali filaf, faifan bayan fiffike, yana mataki na 5. Nauyina tan 50 ne. Nawa ya kamata saurin hawan ya zama?

Kyaftin_Sim:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayar ce ke buƙatar gyara. A wannan matakin ba saurin hawa ake riƙewa ba, gudu ake riƙewa. Injin yana ba da ƙarfin da aka ƙayyade masa, kai kuma kana ɗaga hanci ko sauke shi don gudu ya tsaya tsakanin V2+15 da V2+25, wato not 15 zuwa 25 sama da V2, gudun aminci na tashi. Duk abin da allurar hawa ta nuna bayan haka sakamako ne kawai.

Jirginka kuma fayau yake. 737-800 babu mai babu fasinja ya haura tan 41 kaɗan, iyakar nauyin tashinsa kuwa wajen tan 79. Ka ba jirgi mai tan 50 cikakken ƙarfin 26K (laba 26,000 na turi a kowane inji), dole ya harba sama. Ka shiga shafin N1 LIMIT a FMC, kwamfutar tafiyar jirgin, ka zaɓi TO-1 ko TO-2, wato 24K ko 22K. Kana iya ƙara rage ƙarfin ta hanyar rubuta zafin ƙiyasi a gurbin SEL, amma fa sai ya fi zafin waje na gaskiya, in ba haka ba ba zai rage komai ba. A Kano cikin Afrilu, da zafi ke kaiwa digiri 40, rubuta 35 aikin banza ne. Kada kuma ka cinki lambar, manhajar lissafin tashi da ke kwamfutar hannu ta cikin jirgin za ta fitar da ita bisa nauyi da tsawon titi.

Sannan ɗagawar kanta. A VR, gudun da ake fara ɗaga hanci, ka ja a hankali, digiri 2 zuwa 3 a daƙiƙa, ka nufi digiri 15. Jirgin yana rabuwa da ƙasa wajen digiri 8, wutsiyarsa kuma tana gogar titi a digiri 11 in tayoyin baya ba su bar ƙasa ba. Sai ya tashi sosai za ka bi layin FD, mai nuna maka a allo inda za ka kai hanci, ba lokacin ɗagawa ba.

Hajiya_Avionics:
Ƙari a kan bayanin Kyaftin: Malam, ka rabu da V/S ƙasa-ƙasa haka. V/S umarni ne ga jirgi ya riƙe saurin hawa ko da gudu zai lalace. Yau da jirginka ba nauyi gudun ya yi yawa. Ranar da ka loda tan 75 ka nemi 3,500, gudun zai riƙa zubewa har ya yi ƙasa matuƙa. Tsarin hawa na VNAV ko LVL CHG ne ke kare gudu.

Ka duba shafi na biyu na TAKEOFF REF. Nan ake sa tsayin rage ƙarfi da tsayin fara ƙara gudu, kuma daga doron filin ake lissafa su. Kano tana kan ƙafa 1,560 ko kusa da haka daga teku, don haka 1,500 a FMC zai zo daidai da wajen 3,060 a ma'aunin tsayinka. A tsayin ƙara gudu hanci zai sauko da kansa, hawan ya ragu sosai. Wannan daidai ne, kada ka ja shi. Ka ɗauke filaf zuwa 1 in gudu ya wuce V2+15 yana ƙaruwa, ka ɗauke duka in ya kai alamar 1 a ma'aunin gudu.

Sabon_Matuƙi:
Na gode, Allah ya ƙara basira. Na sa TO-2, hawan ya ragu. Amma har yanzu hancin yana son tashi da kansa kafin VR. Kuma in an tsayar da ni a ƙafa 5,000, ina isa can da ƙarfi.

Kyaftin_Sim:
Na farko tirim ne, wato saitin daidaita hancin jirgi. Ka shigar da CG, wato tsakiyar nauyin jirgin, a TAKEOFF REF, FMC zai ba ka lamba, yawanci kusa da 5, ka juya tayar tirim zuwa daidai wannan lambar. Kasancewa cikin koren zango kaɗai bai wadatar ba, ƙarin lamba ƙarin ɗaga hanci ne. In tirim daidai yake, duba sandar tuƙinka, wataƙila ba ta komawa tsakiya, sai ka ɗan faɗaɗa mataccen yankinta, wato tsakiyar da motsi ba ya tasiri, a saitin na'ura.

Na biyu, zaɓi CLB-1 ko CLB-2, masu rage ƙarfin hawa, tun a ƙasa. A nan ne kuma V/S ke da amfani: filaf a ɗauke, gudu ya daidaita, saura ƙafa 1,000 ka kai tsayin da aka ba ka, sai ka sa 1,500 ko ƙasa da haka. ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta ba da wannan shawarar don kada TCAS, tsarin gargaɗin karon jirage, ya yi ƙararrawar da ba dalili in akwai jirgi a samanka.