Ina zan kai yarona ya kalli tsuntsaye a Accra?

Maman Sadik, Nima: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 9 ya ƙwallafa rai a kan tsuntsaye tun da muka je gida Bawku ya ga shamuwa. A nan Nima kuwa daga hankaka sai tattabarun maƙwabta. Kullum yana kan bene yana leƙen sama, ni kuma raina ba ya so wannan sha'awa ta mutu. Ina zan kai shi wanda ba nisa?

Baba Alhaji, Madina: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki fara da dajin Achimota, tun 1930 aka keɓe shi. Ku isa da sassafe, da an idar da sallar asuba, kafin rana ta yi zafi tsuntsaye su yi shiru. Kada ya sa farar riga ko ja. Ku sami inuwa ku zauna, kunne ya fara aiki kafin ido. A can na nuna wa jikokina cilakowa.

Ɗan Ashaiman: Hajiya, tafkin Sakumono a hanyar Tema ya fi yawan tsuntsayen ruwa: zalɓe, balbela, da baƙin da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a nan. Daga Satumba zuwa Maris ne lokacinsu. Abin da ke ci mini rai, gine-gine na ta cinye bakin tafkin. Ki ari madubin hangen nesa, don ba sa bari a matso.

Maman Sadik: Allah ya saka da alheri. Asabar za mu Achimota, in sha Allahu. Baba, ana barin shiga da abinci?