Wai Harshen Inuit Ya Mutu?

Baban Ummi: Jama'a, abin takaici. Shekara da shekaru Kanada tana kwashe 'ya'yan Inuit, 'yan asalin yankin ƙanƙara na can arewa, zuwa makarantun kwana, yaro ya yi yarensu a hukunta shi. A 2008 Firaminista Harper ya nemi gafara, to me gafarar ta gyara? Harshen Eskimo dai ya mutu murus!

Hajiya Ottawa: Malam, da farko a daina cewa Eskimo. A nan zagi suke ɗaukarsa. Inuit ake cewa.

Baban Ummi: Hajiya, ai a Alaska har gobe akwai masu faɗarsa.

Hajiya Ottawa: Don can ana haɗawa da Yupik ne, waɗanda ba Inuit ba. Kai da wa kake?

Na Zindar: Ni "ya mutu" ɗin ce ta tsaya mini a maƙogwaro. A Nunavik, arewacin lardin Kwibek na Kanada, ƙidayar 2016 ta nuna wajen kashi 99 cikin 100 na Inuit suna iya hira da Inuktitut, wato harshensu. Tun bayan yarjejeniyar James Bay ta 1975 suke da hukumar makarantunsu, yara na fara karatu da harshensu. A Greenland kuwa, Kalaallisut, harshen Inuit na can, shi ne harshen hukuma tun 2009. Wannan ne matacce?

Baban Ummi: To je ka Labrador a gabashin Kanada, ko yankin Inuvialuit, wato Inuit na yamma. A cikin mutum biyar da ƙyar ɗaya ke iyawa, yawancinsu tsofaffi.

Na Zindar: Wannan jinya ce, ba mutuwa ba.

Ɗan Sakkwato: Harshen da jikoki ba sa ji, a shirya masa likkafani kawai.

Hajiya Ottawa: Subhanallahi, kai ne mai ɗaukar rai?

Ɗan Sakkwato: Na Zindar dai Kwibek yake yabo saboda Faransanci suke yi. Mun san ku.

Na Zindar: Kai, kama bakinka! Ai masu Faransancin nan ne suka yi ta ƙorafi a 2021 da aka naɗa Mary Simon Gwamna Janar ta Kanada, wai ba ta jin Faransanci, alhali 'yar Nunavik ce mai Inuktitut da Turanci. Ina ruwana da su?

Ɗan Sakkwato: Amma kai ma da shi ka yi boko.

Na Zindar: Kai kuma da Sakkwatanci ka rubuta jarrabawa?

Baban Ummi: Ba wanda ya ce komai kan makarantun kwanan fa.

Shugaban Zaure: A tsaya haka. A taƙaice, an tabbatar harshen na nan da ƙarfinsa a Nunavik da Greenland da yankin Nunavut na arewacin Kanada, kamar yadda ɗan'uwana Na Zindar ya kawo hujja da alƙaluma. Sauran surutu ne. Ɗan Sakkwato, ka janye maganar Faransanci kafin Isha'i.

Baban Ummi: Ranka ya daɗe, Labrador ɗin fa? Kuma wa ya ambaci Nunavut?