Wa mai karatu yake tausaya wa, Scout ko Tom Robinson?

Malam Kabiru: Jama'a, ga abin da nake so mu baje a faifai. Littafin Harper Lee, To Kill a Mockingbird, na 1960, ana ta yabonsa a kan ya tona asirin wariyar launin fata a kudancin Amurka. Ni kuwa ina ganin tausayin da yake ginawa ya fi karkata ga Scout, 'yar farar fatar da ke ba da labarin, saboda idonta ya buɗe. Tom Robinson, baƙar fatar da aka yi wa sharrin fyaɗe a garin Maycomb, shi aka zalunta, shi aka kashe, amma ko sau ɗaya ba a shigar da mu cikin zuciyarsa ba.

Hajiya Binta: Malam, a duba yadda aka gina shari'ar tukuna. Scout ba ta kai shekara goma ba, ba ta haddace dokokin garin ba, don haka abin da manya suka ɗauka daidai ita tambaya take yi a kansa. Marubuciyar ta zaunar da ita a benen kotu da aka keɓe wa baƙaƙen fata, daga can muke kallo. Sai aka riƙa sakin hujja ɗaya bayan ɗaya. Raunukan Mayella Ewell, farar fatar da ta zargi Tom, suna gefen dama na fuskarta, alamar bahago ne ya doke ta. Lauya Atticus, mahaifin Scout kuma mai kare Tom, ya miƙa wa uban Mayella alƙalami, ya rubuta sunansa da hagu. Tom ya miƙe, aka ga hannunsa na hagu a shanye, injin gurzar auduga ya lalata shi tun yana yaro. Kafin masu taya alƙali hukunci su dawo, kai mai karatu ka riga ka wanke Tom. Da suka ce yana da laifi, baƙin cikin naka ne kai tsaye.

Malam Kabiru: Hajiya, na yarda da wannan, gini ne mai kyau. To amma lissafa. Littafin babi 31 ne, Tom bai yi doguwar magana ba sai a babi na 19, a gaban kotu, yana amsa tambayoyi. Mutuwarsa a babi na 24 labari aka kawo, harsashi 17 yana ƙoƙarin tserewa daga kurkuku, kuma ana tsakiyar shan shayin matan coci a gidan Atticus. Faɗuwar matarsa Helen ma ta bakin Dill, abokin Scout, muka ji. Daga nan labarin ya koma kan Boo Radley, maƙwabcin su Scout da ba ya fita daga gida. Mutumin da aka gina littafin a kan jininsa ya zama darasin tarbiyyar 'ya'yan wani.

Aminu: Yaya Kabiru, wannan ciwon ya girmi Harper Lee. A Huckleberry Finn na Mark Twain, wanda ya fito a Amurka a 1885, babi na 31 ne ake ɗauka a matsayin zuciyar littafin. Huck, yaron da ke ba da labarin, ya rubuta wa Miss Watson wasiƙar tona inda bawanta Jim da ya gudu yake, ya tuna alherin Jim, ya yaga takardar, yana ganin ya zaɓi wuta ke nan. Dabarar ita ce mai karatu ya fi mai ba da labarin sani: Huck yana ganin zunubi ya aikata, mu mun san shi ne aikinsa mafi kyau. Inda abin ya lalace shi ne ƙarshe. Tom Sawyer, abokin Huck, ya dawo ya mai da kuɓutar da Jim wasan yara, alhali ya san an riga an 'yanta shi a wasiyya. Jim yana shan wuya, mu ana sa mu dariya.

Dokta Rabi: Abin da Chinua Achebe ya kama Joseph Conrad da shi ke nan a laccarsa ta 1975 a Jami'ar Massachusetts. Masu kare littafin Conrad, Heart of Darkness, daga zargin ƙasƙantar da 'yan Afirka suna cewa Marlow, mai ba da labarin, shi ke magana, ba Conrad ba. Achebe ya ce idan marubuci bai ajiye wata murya a cikin littafin da za a auna ta Marlow da ita ba, ba zai fake a bayansa ba. Ma'aunin ke nan a wurina: wa aka ba baki, sau nawa, kuma a gaban wa yake magana?

Hajiya Binta: Dokta, da wannan ma'aunin Lee ta ɗan tsira. A babi na 12 Calpurnia, baƙar fatar da ke aiki a gidan Atticus, ta kai yaran cocin baƙaƙen fata, Scout ta ji tana magana da wani salo dabam da na gidansu, ta gane matar tana da rayuwar da ba ta sani ba. Kuma kalmar da ta halaka Tom daga bakinsa ta fito, da ya ce ya tausaya wa Mayella. Baƙar fata ya tausaya wa farar fata, kotun ba ta iya haɗiye wannan ba.

Dokta Rabi: Babi ɗaya ne, Hajiya, kuma ta idon Scout. Kwatanta da The Bluest Eye na Toni Morrison, 1970. Can ma yarinya ce, Claudia, ke ba da wani ɓangare na labarin, amma baƙar fata ce, tana cikin gidan da wutar ke ci. An kuma ba iyayen Pecola, yarinyar da aka gina labarin a kanta, nasu babukan, har uban da ya cuce ta. Ba a bar wa mai karatu wani mutumin kirki da zai laɓe a bayansa ba.

Aminu: Shi ya sa Percival Everett ya sake ba da labarin Twain ta bakin Jim a littafinsa James na 2024. Duk mai koyar da Twain yanzu, ya haɗa su biyun a zango ɗaya.

Malam Kabiru: Na Lee kuma a haɗa shi da na Morrison. Hajiya, har yanzu ban janye ba: ɗalibi ya rufe littafin yana son ya zama Atticus, ba ya tambayar me ya sami 'ya'yan Tom uku.